Kafin Ka Miƙa Hannu: Yadda Ake Zaɓar Inda Sadaka Za Ta Fi Amfani

Ɗan kasuwar da zai sari atamfa a Kantin Kwari sai ya zaga shago biyar, ya taɓa, ya ja, ya taya, ya buga wa abokinsa waya ya ji yadda kasuwa ta kwana. Shi dai wannan bawan Allah, idan azumi ya kama, zai ɗauki kuɗin da ya ninka na atamfar sau goma ya tura wa wata gidauniya saboda ya ga hoton yara suna kuka a Facebook, bai tambayi kowa komai ba. In ka yi masa magana ya ce ai don Allah ya yi, niyyarsa ta wadatar.

Ladan niyya tsakaninsa ne da Ubangijinsa, babu mai shiga. Amma yaron da ke fama da tamowa ba niyya zai ci ba, kuma rijiyar da ta ƙafe bayan wata shida ba ta shayar da kowa, komai tsarkin zuciyar wanda ya biya kuɗin haƙa ta. Bayar da taimako aiki ne mai ƙa'idoji, ana koyonsa. Tazarar da ke tsakanin taimakon da aka yi wa lissafi da wanda aka yi da ka ba ƙarama ba ce: kuɗi ɗaya zai iya ceton rai a nan, a can kuma ya ƙare a tanti da kujeru da mai ɗaukar hoto.

Raba kuɗin tukuna

Ba duk abin da ke fita daga aljihunka ne kake da 'yancin kai shi inda ka ga dama ba. Akwai haƙƙin iyaye da dangi da maƙwabta. Wannan ba a sa shi a sikeli, ba a cewa tunda kuɗin maganin gwaggo zai sayi gidan sauro ɗari, bari gwaggo ta jira. Akwai zakka, kashi 2.5 cikin 100 na dukiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara, wadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin ta zuwa kashi takwas. A mazhabar Malikiyya an fi so a raba ta a inda dukiyar take, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a nesa, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a gina masallaci ko a yi hanya da ita ba. Saboda haka kafin ka zuba zakkarka a asusun wata ƙungiya, ka tabbatar suna ware ta daban, ka kuma tambayi malamin da ka amince da shi. Jihohi irin su Sakkwato da Kano da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi. Su ma ba su fi ƙarfin tambaya ba, duk abin da za a faɗa a ƙasa ya shafe su.

Kashi na uku shi ne sadakar ganin dama, ta nafila, da wakafin da mutum ke son ya bari a bayansa. A nan ne filin yake da faɗi, a nan ne kuma aka fi yin asara.

Fara da ciwon, ba da mai magani ba

Yawancinmu ƙungiya ce ke zaɓar mu, ba mu ke zaɓar ta ba. Wanda ya fi iya magana, ko wanda bidiyonsa ya fi sa hawaye, shi ke tafiya da kuɗin. Juya al'amarin. Ka fara tambayar kanka wace matsala ce take cin mutane da yawa, wadda an san maganinta, maganin yana da araha, amma bai isa ga jama'a ba.

A ƙasarmu amsar ba ta da wuyar samu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna zazzaɓin cizon sauro yana kashe mutum kusan 600,000 a shekara, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Afirka, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na mamatan a Najeriya suke. Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗun da suka fi asarar rayuka. Tun 2012 hukumar ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran yankin Sahel, daga wata uku zuwa shekara biyar, maganin riga-kafi sau ɗaya a wata cikin damina. Masu rabo su bi gida-gida su ba da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana biyun da ke biye. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin a wannan lokaci, kuma kuɗin kare yaro ɗaya damina guda bai fi dala bakwai ba. Gidan sauro mai magani, da sayensa da kai shi har ɗakin mai buƙata, yana cin kimanin dala biyar zuwa shida.

Irin wannan lissafi shi ne sana'ar wata cibiya a Amurka mai suna GiveWell, wadda Holden Karnofsky da Elie Hassenfeld suka kafa a 2007. Ma'aikatan kamfanin zuba jari ne da suka so ba da taimako, suka nemi ƙungiyoyi su nuna musu abin da kuɗin ke haifarwa, suka tarar kusan babu mai amsa. Bayan shekaru suna tantancewa, jerin waɗanda suka fi amincewa da su bai wuce huɗu ba: Against Malaria Foundation mai raba gidan sauro, shirin riga-kafin damina na Malaria Consortium, shirin ɗigon bitamin A na Helen Keller Intl, da New Incentives. A ƙiyasinsu, dala 3,000 zuwa 5,500 da aka zuba a waɗannan shirye-shirye tana hana mutuwar mutum ɗaya. Ƙiyasi ne, su ma sun faɗa, amma sun baje lissafinsu a fili ga duk mai son ya kama su da kuskure.

Abin lura shi ne yadda jerin ya karkato ƙofar gidanmu. Malaria Consortium tana aikinta a jihohin arewa da dama. New Incentives kuwa a arewacin Najeriya take aiki: ana bai wa uwa ɗan kuɗi kaɗan, abin da zai biya mota ya rage asarar yinin, duk lokacin da ta kai jariri allurar riga-kafi a asibitin gwamnati. An gwada tsarin a Jigawa da Katsina da Zamfara tsakanin 2017 da 2020, aka ware wasu asibitoci ta hanyar ƙuri'a aka yi shirin a cikinsu, aka bar wasu, sannan wasu masu bincike na daban suka zo suka ƙirga. Yaran da suka sami allurai a yankunan shirin sun fi na sauran nesa ba kusa ba. Allurar dama tana nan kyauta, kuɗin zuwa ne ya gagara.

Ba dole ne ka tura kuɗinka ga waɗannan ba, ko da yake mai katin biyan kuɗin waje yana iyawa. Hanyar tunanin ita ce abin ɗauka, kuma tana aiki a unguwarka. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano yanar ido ce ke haddasa fiye da kashi 40 cikin 100 na makanta. Aikin cire ta bai kai rabin awa ba, ana yin sa a Kano da Kaduna da sauran birane, kuma idan tsoho ya sami ganinsa, jikan da ke masa jagora shi ma ya sami damar komawa makaranta. Yoyon fitsari ana ɗinke shi a cibiyar Babbar Ruga a Katsina da ta Laure a asibitin Murtala na Kano, galibi kyauta. Abin da ke tsare matan a ƙauye shekara da shekaru shi ne kuɗin mota, da abincin mai jinya, da rashin wanda zai gaya musu cewa ciwon yana warkewa. Katan ɗaya na abincin tamowa mai gyaɗa da madara, mai ƙulli 150, yakan isa ya tashi yaro ɗaya cikin mako shida zuwa takwas. A 2023 wani gwaji a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa wata leda mai auna jini bayan haihuwa, tare da ba da magunguna a lokaci guda, ya rage mummunan zubar jini da kashi 60 cikin 100. Leda ce fa da magunguna kawai. Duk waɗannan ba su da kyan hoto kamar rabon buhunan shinkafa, shi ya sa ba a rububinsu.

Kallon kitse ga rogo

A 2006 gwamnatin Amurka da wasu attajirai suka yi alkawarin dala miliyan 16.4 ga wani famfo da aka ƙera a Afirka ta Kudu, PlayPump. Lilo ne mai juyawa, yara na wasa a kai, ruwa na hawa tanki. Wa zai ƙi wannan? Kowane ɗaya yana cin kusan dala 14,000, ninkin famfon tuƙa-tuƙa sau da yawa. Da aka koma ƙauyukan Mozambik aka tarar yara sun gaji da lilon, domin ba ya juyawa sai da ƙarfi, mata ne har da tsofaffi ke tura shi a rana. Idan ya lalace babu makanikin da ya san kansa. A wasu wuraren ma an cire famfon da ke aiki ne aka kafa shi, ba a shawarci masu ɗiban ruwan ba.

A yammacin Kenya masanin tattalin arziki Michael Kremer da abokan aikinsa sun gwada raba littattafan karatu a makarantun ƙauye. Sakamakon jarrabawar yawancin yara bai motsa ba, sai 'yan ƙalilan masu ƙoƙari dama, saboda littattafan da Turanci suke, yaran kuwa ba su iya karanta shi ba. Da aka ba da maganin tsutsar ciki mai arahar gaske, fashin makaranta ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Masana sun yi ta ja-in-ja daga baya kan girman amfanin maganin, amma darasin littattafan ya zauna. Irin waɗannan gwaje-gwaje ne suka sa Kremer da Esther Duflo da Abhijit Banerjee suka sami kyautar Nobel a 2019.

Namu lilon ita ce rijiyar burtsatse. Kowa na son ta, don ita ce sadaka mai gudana da aka fi sani, tun daga rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa mutanen Madina. Sai dai wani rahoton Bankin Duniya na 2017 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na famfuna da rijiyoyin zamani a Najeriya ba sa aiki, kuma da yawa cikin shekarar farko suke mutuwa. Ratsa kowace ƙaramar hukuma za ka gan su, tanki a sama, allo mai sunan marigayi a gefe, ƙasa a bushe. In ka ƙudurta yin rijiya, ka nemi a yi binciken ƙasa kafin a kawo injin, musamman a wuraren dutse irin na Kano da Zariya inda ruwa ke ɓuya a tsage-tsage. A haƙa a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya yi ƙasa, don rijiyar da aka haƙa a watan Agusta yaudara ce. Kada ka biya ɗan kwangila duka sai an ja ruwa na sa'o'i an ga bai yanke ba, an kuma kai shi ɗakin gwaji. Sannan babbar tambaya: ranar da roba ta cinye ko injin sola ya ƙone, wa zai gyara, da kuɗin wa? In babu kwamitin unguwa da ke karɓar ɗan abin da ya samu a kan jarka ana tarawa, in babu makaniki a kusa da kayan gyara a kasuwar garin, ka ware kuɗin gyaran shekara biyar tun yanzu ko ka fasa. Sau da yawa kuɗin sabuwar rijiya ɗaya zai tayar da matattun rijiyoyi da yawa. Illar kawai, ba za a rubuta sunanka a jiki ba.

Da ban bayar ba fa?

Wannan tambayar ce ta fi kowace wuya, domin tana taɓa son rai. Unguwar da ke da masallatai huɗu a layi ɗaya, na biyar ba zai ƙara masallaci ko mutum ɗaya ba, raba jam'i kawai zai yi. Marar lafiyar da labarinsa ya karaɗe intanet har gwamna ya ji, za a biya masa ko ba kai, amma na gadon da ke kusa da shi ba wanda ya san da shi. Ka nemi wurin da rashin kuɗinka zai bar rami.

Haka ma ƙungiya. Ka tambaye su kai tsaye: in na ba ku naira miliyan ɗaya yau, me za ku yi da ita wanda ba za ku yi ba in ban bayar ba? Masu aikin gaske suna da amsa a bakinsu, za su ce akwai mata goma sha biyu a jerin jira, ko akwai ƙauyuka uku da muka bari bara don kuɗi ya ƙare. Wanda ya ce ai ayyukan alheri ba sa ƙarewa, bai ba ka amsa ba.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Hannunmu ya fi buɗewa da azumi, har abinci ya riƙa yin yawa a wasu cibiyoyin buɗa baki na birni. Yunwa kuwa ba ta bin watan Musulunci, damina take bi. Daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, farashi ya hau, sauro ya yi yawa, a lokacin ne asibitocin tamowa a Katsina da Maraɗi da Maiduguri ke cika har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya. A shekarun nan da azumi ke faɗowa cikin rani, wanda ya sayi gero da kaka yana araha ya adana, ya fitar a watan Yuli, ya ninka amfanin kuɗinsa. Zakka ba a jinkirta ta in lokacinta ya yi, amma ta nafila kana iya tsara mata wata.

Tantance masu karɓa

Takarda ba ta tabbatar da amana, amma rashinta yana tona asiri. A Najeriya ƙungiyar agaji tana yin rajista da hukumar CAC a matsayin amintattu, kuma kowa na iya neman sunanta a shafin hukumar na intanet ya ga ko tana nan. Ana kuma buƙatar ta mallaki takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. A Nijar izinin ƙungiya daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa. Ƙungiyoyin da ke da rajista a Ingila, har da manyan ƙungiyoyin agaji na Musulunci, dole su miƙa lissafin kuɗinsu ga hukumar da ke kula da su duk shekara, kuma yana nan a buɗe ga mai son karantawa.

Dubi sunan da ke kan asusun banki. In gidauniya ce amma asusun na mutum ɗaya ne, ka dakata. Ba lallai ɓarawo ne ba, wataƙila bai san tsari ba ne, amma kuɗin da ya gauraya da na cefane ko waliyyi ne sai ya rikice. Tambayi mutum nawa ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Tambayi su wane ne amintattun; in shugaba ne da matarsa da ƙaninsa, babu mai ce wa wani a'a. Nemi lissafin bara: nawa ya shigo, nawa ya fita, a kan me, wane mai binciken kuɗi na waje ne ya duba. Ƙaramar ƙungiyar unguwa ba za ta iya ɗaukar odita ba, amma tana iya riƙe littafi da rasit, ta karanta wa jama'a a bainar taro.

Daga nan ka wuce abin da suka raba zuwa abin da ya canza. Za su ce mun raba keken ɗinki ɗari biyu. To, nawa ne ke ɗinki yau? Nawa aka sayar a makon farko don a biya kuɗin haya? Za su ce mun yi wa mutum ɗari biyar aikin ido kyauta. Nawa ne suka dawo dubiya bayan mako shida, nawa ne suke gani? Sai ka ƙara da tambayar da na fi so: wane aiki kuka taɓa yi bai yi ba, kuka daina? Duk wanda ya shekara goma yana wannan harka bai taɓa faɗuwa ba, ko dai ba ya komawa ya duba, ko ba ya faɗin gaskiya.

Akwai wani kuskure da masu hankali ke yi, wato neman ƙungiyar da za ta rantse cewa ko kwabo ba ta taɓawa, duk abin da aka bayar yana isa hannun mabuƙata. Mota da mai take tafiya, akawu albashi yake ci, wanda zai koma ƙauye ya ƙirga gidajen sauron da aka rataya shi ma yana da iyali. Shari'a da kanta ta ba ma'aikatan zakka kaso. Wanda ya ce ba ya cire komai, ka tambaye shi wa ke biyan waɗannan. In akwai attajirin da ya ɗauki nauyi, madalla, a faɗe shi. Ƙungiyar da ke kashe kashi 15 cikin 100 a gudanarwa tana aikin da ke ceton rai ta fi wadda ke kashe kashi 2 tana raba abin da ba a buƙata. Abin gudu shi ne jerin gwanon motoci da taron otal da kalanda mai hoton shugaba.

In wurin yana kusa, je ka, ba tare da sanarwa ba, ranar da babu biki. Gani ya kori ji. Kada ka tsaya a ofis, ka zauna da mai unguwa, da ungozoma, da mai shayin bakin hanya, ka tambaye su yadda aka zaɓi waɗanda suka amfana. A nan ne za ka ji ko jerin sunayen daga gidan kansila ya fito. In gidan marayu ne, ka tambayi yara nawa ne ke da uwa ko kaka a raye. Ƙungiyar Save the Children ta ƙiyasta cewa a duniya aƙalla huɗu cikin biyar na yaran irin waɗannan gidaje suna da mahaifi ko mahaifiya, talauci ne ya raba su. Tallafa wa uwar marayu ta riƙe 'ya'yanta a ɗakinta ya fi araha, ya kuma fi wa yaran.

Neman taimakon marar lafiya a waya

Wannan ya zama ruwan dare, kuma akwai masu gaskiya a ciki da suka ceci rayuka, akwai kuma masu ɗauko tsohon hoto su sake masa suna. Kada ka yi cinikin biri a sama. Nemi sunan asibiti da ɗakin da aka kwantar da shi, da takardar likita mai nuna adadin kuɗin aiki. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen jin daɗin marasa lafiya, su ne suka san wanda aka rubuta wa aiki ya kasa biya; kana iya zuwa wurinsu ko da ba ka ga wani bidiyo ba. Ka biya a asusun asibiti ka karɓi rasit da sunan majinyacin. Ka lura ko mai tara kuɗin yana sanar da cewa an kai adadi a daina turowa, da kuma inda rarar take zuwa. Wanda ya fusata don ka tambaya, ya fara kawo maka wa'azin kyautata zato, ka bar shi da wa'azinsa.

Kaya ko kuɗi

Mun saba ganin talaka bai san abin da ya dace da shi ba, sai mu saya masa. Ƙungiyar GiveDirectly ta gwada akasin haka a Kenya: ta tura wa gidaje matalauta kusan dala 1,000 ta waya, babu sharaɗi. Masu bincike suka bi sawu, suka tarar an sa rufin kwano, an sayi dabbobi, an ƙara abinci, an ja jari, kuma kuɗin giya da taba bai ƙaru ba. Wannan ya sa masana da yawa suka mayar da kuɗi a hannu ma'auni: duk shirin da aka kawo maka, ka tambaya ko ya fi a miƙa wa mutanen kuɗin su yi abin da suka ga ya fi. Riga-kafi da gidan sauro sukan tsallake wannan ma'auni. Taron koyar da yin sabulu na kwana uku da wuya ya tsallake.

Idan masifa ta auku, kamar ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, kwanakin farko dafaffen abinci da ruwan sha mai tsabta ake nema. Da zarar kasuwa ta buɗe, kuɗi ya fi tirelar tsofaffin tufafi, domin wani magani yake so, wani haya, wata kuma tukunya da gawayi ta koma suyar ƙosai. Bayan wata uku kuma, lokacin da 'yan jarida suka tafi, a nan buƙata take tsananta.

Kuma ka ba da jari mai kauri ga kaɗan maimakon ɗan tsiririn da za a cinye a yini ɗaya. Naira miliyan ɗaya in ka raba wa mutum dubu, kowa ya sami abin da bai taka kara ya karya ba, gobe suna nan inda suke. In ka raba wa mata biyar da dama suna da sana'a a hannu, injin markaɗe ko kiwon awaki, akwai yiwuwar wasunsu su daina karɓa.

Yadda ake rabon ma yana iya zama ajali. A watan Maris 2024 mutane sun mutu a turmutsutsun rabon zakka a Bauchi. A Disamba na shekarar yara 35 suka rasu a wani taron rabo a Ibadan, kwanaki kaɗan bayan haka aka sake yin asarar rayuka a Okija da Abuja. Kada ka yi shela ka tara mayunwata a ƙofa ɗaya. A rubuta sunaye tun da wuri tare da limami da mai unguwa da wata dattijuwa da ta san cikin gidaje, don mafi buƙata galibi ba sa fitowa layi, kunya ta hana su. A kai musu gida, ko a tura ta waya, ko a ba da kati mai rana da sa'a. Kyamara kuma a bar ta a aljihu. Ƙungiya tana iya tabbatar maka da aikinta da rasit da sa hannu da lambar waya, ba sai ta ɗora fuskar bazawara a intanet tana riƙe da taliya ba.

Abin da ba ya ƙirguwa

Masu lissafin dala da rayuka suna da makantarsu. Abin da ke da sauƙin ƙirgawa shi suke gani, kuma ba komai ne ke shiga ma'auni ba. Malamin da ya koya wa yarinya karatu, ko lauyan da ya fito da wanda ya shekara biyar a gidan yari ba a kai shi gaban alƙali ba, ko dattawan da suka sasanta manoma da makiyaya kafin a zubar da jini, ba wanda zai ba ka adadin amfaninsu a takarda. Kada ka guje su don haka. Amma ko a nan tambayoyin suna aiki. In makarantar allo ko Islamiyya kake son taimaka wa, kafin ka sa fenti ka ɗauki yara biyar ka ba su abin karantawa, ka tambayi malamin yaushe rabonsa da albashi, ka duba inda almajiran ke kwana da inda suke bahaya. Amsar za ta nuna maka inda kuɗin zai fara.

Ka taƙaita wuraren da kake bayarwa zuwa biyu ko uku da za ka iya bibiya. Sabuwar ƙungiya ka fara mata da kaɗan, ku yi yarjejeniyar abin da za a yi da ranar da za ka ji bayani. Ka rubuta a littafi: kwanan wata, adadi, wanda ya karɓa, abin da ya yi alkawari. Idan shekara ta zagayo ka buɗe littafin, ka kira mutum uku cikin waɗanda aka ce sun amfana, waɗanda kai ka zaɓa daga jerin ba waɗanda aka zaɓa maka ba. Inda aka cika alkawari ka ƙara, ka kuma gaya musu za ka riƙa bayarwa duk wata ko duk shekara, don su iya tsara aiki su riƙe ma'aikata. Inda aka yi ta kwana-kwana ka janye ba tare da rigima ba, ka mayar da kason ga waɗanda suka kawo rasit.